Tsakanin Iri da Ciyawa Harafi Ɗaya Ne

Ƙannena na Jama'a da Samaru da Sabon Gari, maza da mata:

Duk wanda ya tashi a wannan yanki namu ya tashi ne Turanci na kaɗa masa kunne. Jami'ar Ahmadu Bello tana nan tun 1962, kuma tun kafin a kafa ta ana binciken noma a Samaru. Sabon Gari kuwa, tun zuwan jirgin ƙasa a wajejen 1911 take tara mutane daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, kowa da harshensa, a haɗu a kasuwa a yi ciniki da Hausa da buroka. Don haka yaron Jama'a ba baƙon Turanci ba ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na ga yawancinku kun ɗora burinku a kan dogayen kalmomi. Yaro zai haddace kalma mai harafi goma sha biyar don ya fasa ta a majalisa ko a muhawarar makaranta a tafa masa. Amma in ka ce ya rubuta takardar neman aiki mai layi goma, sai ka tarar ya sa *form* a gurbin *from*, ya sa *loose* a gurbin *lose*, ya rubuta cewa yana *leave* a Samaru alhali *live* yake nufi. Ba kasafai doguwar kalma ke kayar da ɗalibi ba, domin da ya hango ta yake taka-tsantsan. Gajeriyar ce ke kai shi ƙasa, saboda ya raina ta.

Ga shi kuwa gajerun nan su ne Turancin. Masana a Oxford sun tattara rubuce-rubucen Turanci masu ɗimbin yawa suka ƙirga, sai suka tarar kalmomi 10 kacal, irin su *the* da *of* da *and* da *to* da *in*, sun cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk abin da ake rubutawa, kalmomi 100 kuma sun cinye kusan rabi. In ka bi ɗarin nan ɗaya bayan ɗaya, kaɗan ne ƙwarai suka wuce harafi biyar. Ashe wanda bai riƙe ƙananan da kyau ba, rabin kowane shafi da ya buɗe tangal-tangal yake yi masa, ko da ya haddace manyan.

Mu fara da gona, tunda daga Samaru irin masarar SAMMAZ da waken SAMPEA da gyaɗar SAMNUT suke fita. Iri a Turanci *seed* ne. Cire harafin farko ka sa w, sai ka sami *weed*, ciyawar da manomi ke ƙarar da kuɗinsa da ƙarfinsa don ya raba gonarsa da ita. Sa f, ka sami *feed*, ciyarwa, ko abincin kaji da dabbobi. *Need* buƙata ce. *Heed* shi ne jin gargaɗi da aiki da shi. *Deed* aikin da mutum ya aikata ne, kuma haka ake kiran takardar mallakar fili ko gida. In aka ƙara harafi ɗaya a goshi, ga *breed*, jinsin dabba, kamar kazar Shika Brown da aka samar a cibiyar binciken dabbobi ta Shika. Ga *bleed*, zubar jini. Ga *greed*, haɗama. Ga *speed*, sauri. Kalmomi goma ke nan masu wutsiya ɗaya, kuma furucin wutsiyar bai sauya ba ko sau ɗaya. Wanda ya koye su a haka, dangi guda a zama guda, ya rage wa kansa wahala, domin rubutun ɗaya yana tuna masa rubutun saura.

Da duk dangogin haka suke da ban rubuto muku komai ba. Ku dubi *sow*, shuka. Furucinta ɗaya da *sew*, ɗinki, ɗaya kuma da *so*, ko da yake rubutunsu ya sha bamban. Sannan akwai wata *sow* ɗin, haruffan nan uku dai ba ƙari ba ragi, wadda ake furtawa da amon *cow*, ma'anarta macen alade. Ku dubi dangin *ear*: *hear* da *near* da *fear* da *dear* da *year* amonsu ɗaya, amma *bear* da *wear* da *pear* sun bi wata hanya, *learn* da *earth* sun bi wata, *heart* ta kama tata ita kaɗai. *Tear* kuwa tana gidaje biyu: in hawaye ce sai ta bi *hear*, in yaga tufa ce sai ta bi *wear*. Mafi rikicin su duka su ne masu *ough*. *Though*, wato ko da yake, tana ƙarewa da amon *go*. *Through*, ratsawa ta cikin abu, tana ƙarewa da amon *too*. *Tough*, mai tauri, da *enough*, abin da ya isa, suna bin *stuff*. *Cough*, tari, tana bin *off*. *Plough*, garma ko huɗa, tana bin *cow*. Haruffa huɗu iri ɗaya, furuci biyar, kuma ban ƙare su ba.

Wannan rikici yana da tarihi, kuma sanin tarihin yana kwantar da hankali, don mutum ya gane ba ƙwaƙwalwarsa ce ta gaza ba. Haruffan Turanci 26 ne, sautukansa kuwa wajen 44, ka ga tun daga tushe riga ta yi wa mai ita kaɗan. A 1066 Normawa masu magana da Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, suka shigo da dubban kalmomi da salon rubutunsu. A 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila, a Westminster, daga nan rubutu ya fara daskarewa a takarda. Bakin mutane kuwa bai tsaya ba: daga wajejen 1400 zuwa 1700 furucin dogayen wasulan Turanci ya yi ta sauyawa. A da can ana furta k ɗin da ke *knee* da *knife* da *know*. Gh ɗin nan sauti ne na maƙogwaro, kusa da harafin kha na Larabci. A wasu kalmomin ya mutu, a wasu ya rikiɗe ya zama f, amma haruffan suka zauna daram. B ɗin da ke *debt* da *doubt* kuwa ba a taɓa furta shi a Turanci ba, malamai ne suka cusa shi don a riƙa tuna asalin kalmomin a harshen Latin. Turawan da kansu sai sun sha fama da wannan a firamare, shi ya sa suke da gasar harhaɗa haruffa a makarantunsu.

Mu namu bokon zama aka yi aka tsara shi, kuma ba da daɗewa ba. Babban ɓangaren aikin a nan Zariya aka yi shi, a Hukumar Talifi ta su Rupert East da Abubakar Imam a shekarun 1930, sannan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, ta kai shi gida-gida. A bokon Hausa galibi abin da ka ji shi kake rubutawa, ba kasafai harafi ke yaudarar ka ba. Yaron da ya fara karatu da Hausa yakan shiga Turanci da wannan amanar, yana zaton kowane harafi zai cika alkawari. A nan ake fara tuntuɓe. Turanci sai an koyi kowace gajeriyar kalma sau biyu, da ido da kuma kunne.

Batun kunne shi ne inda mu Hausawa muke da namu ciwon na musamman, kuma gara mu faɗa wa kanmu gaskiya. Hausa ba ta raba p da f ba. Sauti ɗaya gare mu a wurin, shi ya sa da muka ari kalmomi muka ce famfo da fensir da fenti da fasinja da firamare, alhali duk da p suka zo mana. A Hausa wannan ba laifi ba ne, haka harshen yake. A Turanci kuwa *pull* ja ne, *full* cika; *pool* tafki ne, *fool* wawa; *pan* kasko ne, *fan* fanka; *pork* naman alade ne, *fork* cokali mai yatsu. Maganin ba shi da tsada. P da leɓɓa biyu ake yin ta, a rufe su ruf sannan a sake su da ƙarfi. In ka riƙe takarda a gaban bakinka za ka ga ta motsa. F kuwa haƙoran sama ake ɗorawa a kan leɓen ƙasa a hura iska. Haka v take, sai dai ita da murya. Mu da b muke musanya ta, kamar yadda muka yi a direba da baranda da talabijin, sai *vote*, ƙuri'a, ta koma *boat*, jirgin ruwa, *vest*, singileti, ta koma *best*. Sai th, wadda ake yi da bakin harshe tsakanin haƙora. Bahaushe yakan mai da ita s ko z, ya ce *sink*, nutsewa, yana nufin *think*, tunani, ko ya ce *mouse*, ɓera, yana nufin *mouth*, baki. 'Yan'uwanmu na kudu su kuma t da d suke mai da ita, *three* ta koma *tree*. A kasuwar Sabon Gari za ka ji duka biyun a layi ɗaya, ka san kowa da inda harshen uwarsa ya ja shi.

Wasula sun fi wuya, don ba a ganin su a leɓe sosai. Hausa wasula biyar gare ta, kowane da gajere da dogo, sai tagwaye ai da au. Turancin Ingila yana da wajen 20. Tsakanin k da t kaɗai ana iya jera *cat*, kyanwa, da *cut*, yanka, da *cot*, gadon jariri, da *cart*, amalanke, da *court*, kotu, da *coat*, kwat. Yawancinmu biyu ko uku muke iya rabawa a baki, saura mu haɗe su. Abin da baki ya haɗe kuma hannu yakan haɗe shi a takarda, shi ya sa ake ganin *staff* a gurbin *stuff*, da *lack* a gurbin *luck*.

Kada wannan ya karya muku gwiwa, domin kuna da kunnen aikin tun daga gida. Wanda ke jin bambancin garin Zariya da garin masara, da bambancin wuyan riga da wuyar aiki, ba tare da wata alama a rubuce ba, ba zai kasa raba *ship* da *sheep* ba in ya sa kansa. Wanda ya san baki daban, baƙin yadi daban, baƙin da suka sauka a zaure daban, ya riga ya san ƙugiya ɗaya a kan harafi tana juya magana. Idon aikin ma kuna da shi, duk wanda ya bi ta makarantar allo a cikinku. Tun a babbaƙu aka nuna muku ba da ta da sa jiki ɗaya gare su, ɗigo ne kawai ya raba su. A rubutun Warshu da muke karatu da shi, fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf ɗigonta ɗaya a sama, kuma babu alaramman da zai bar kolo ya wuce da ɗigo a inda ba mazauninsa ba. Wannan tarbiyyar ido da aka yi muku a gaban allo ita nake so ku ɗauko ku kawo kan boko. Abin yana ba ni takaici in ga yaron da ba ya kuskuren ɗigo a allonsa yana rubuta *quite* a gurbin *quiet* ko a jikinsa.

Irin waɗannan na ƙarshe su ne masu haruffa ɗaya sak, wuri kawai suka sauya. *Quiet* shiru, *quite* sosai ko ɗan dama. *Trial* shari'a ko gwaji, *trail* sawu. *Diary* littafin ajiye abin da ya faru kullum, *dairy* wurin sarrafa madara. *Angel* mala'ika, *angle* kusurwa. Hassan da Husaini ne: baƙo yana ruɗewa, amma uwarsu ko daga baya ta hango ɗaya ta san wane ne, don tare take kwana take tashi da su. Kalmar da kake haɗuwa da ita kullum a cikin karatu ba ta ruɗa ka. Wadda ka gani sau ɗaya a jerin hadda daren jarrabawa ita ce ke rikiɗe maka da safe.

Akwai wani gefen kuma, wanda a ganina ya fi na rubutu da furuci nauyi, shi ne ma'ana. Doguwar kalmar Turanci galibi ma'anarta ɗaya ce ko biyu. Gajeriya kuwa takan ɗauki kaya niƙi-niƙi. *Bank* wurin ajiyar kuɗi ne, kuma gaɓar kogin Kubanni ko ta kogin Galma ma *bank* ce. *Fine* lafiya lau ce, kuma tarar da kotu ke ci ce. *Well* rijiya ce, kuma yin abu da kyau ne. *Lie* ƙarya ce, kuma kwanciya ce. *Right* hannun dama ne, daidai ne, haƙƙi ne. Masu babban ƙamus na Oxford da suka sake bitar *run*, harafi uku kacal, sun lissafa mata ma'anoni 645 a matsayin aikatau. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ku dubi ci: a ci tuwo, a ci jarrabawa, a ci bashi, a ci amana, a ci kasuwa, a ci sarauta, a ci gaba. Baturen da ya haddace cewa ci shi ne sa abinci a baki ya tsaya a nan, bai fara jin Hausa ba. To haka mu ma, in muka rubuta *run* daidai da gudu a littafinmu muka rufe, ranar da muka ga ana *run* ɗin kamfani ko famfo yana *run* sai mu tsaya cak.

Wani lokaci kuma harsunan biyu ba wuri ɗaya suke yanka nama ba. Hausa ta raba aro da rance: abin da za a mayar da shi kansa aro ne, abin da za a kashe a biya da madadinsa rance ne. Turanci bai damu da wannan ba, shi wanda ya bayar da wanda ya karɓa yake rabawa: mai bayarwa *lend* yake yi, mai karɓa *borrow*. Shi ya sa *ara mini biro* take fitowa daga bakin ɗalibanmu da *borrow me*, wanda kuskure ne a jarrabawa. Ji ɗinmu ma guda ɗaya ta ishe mu jin magana da jin wari da jin zafi da jin Larabci, su kuwa kowanne da kalmarsa. Sai kuma 'yan mitsi-mitsin da ake liƙa wa aikatau su juya shi gaba ɗaya: *put on* sa tufa, *put off* ɗage abu zuwa wani lokaci, *put out* kashe wuta, *put up with* haƙuri da abin da ba ka so. Babu mai harafi fiye da huɗu a cikinsu, amma a nan ake gane wanda ya iya Turanci da wanda ya haddace shi.

Kada ku ɗauka maganar ta tsaya a kan maki. Makin ma ba ƙarami ba ne: a jarrabawar JAMB, cikin tambayoyi 180, guda 60 na Turanci ne, kowa kuma sai ya amsa su ko me zai karanta, sannan WAEC da NECO suna da sashe guda na gwajin furuci, kuma babu shiga jami'a sai da kiredit a Turanci. Sau da yawa ɗalibi ya san amsa sarai, amma idonsa ya tsallake *not* ko *except* a cikin tambayar, ya zaɓi kishiyar abin da ake nema. *Few* da *a few* harafi ɗaya ya raba su, amma ta farko tana nufin kusan babu, ta biyu tana nufin an samu wasu. Bayan jarrabawa kuma sai rayuwa. Wadda za ta yi aikin jinya a asibitin koyarwa na Shika za ta tarar *oral* ta baki ce, *aural* ta kunne, kuma *ileum* wani yanki ne na hanji, *ilium* ƙashin ƙugu. Wanda zai karanta lauya a harabar jami'a ta Kongo zai ga shari'a tana juyawa a kan *shall* da *may*, wato dole da ganin dama. Bakaniken da ke odar kaya ta waya yana buƙatar ya san *brake* birki ne, *break* karyewa. Mai ƙira da walda ya san *steel* ƙarfe ne, *steal* sata.

Yanzu bari in zo kan wasa, don na san da yawanku kuna buga wasannin kalmomi a waya, wasu kuma sun taɓa ganin allon Scrabble a jami'a. Wani Ba'amurke, Alfred Butts, shi ya ƙirƙiro wasan a shekarun 1930. Ya ƙirga yawan fitowar kowane harafi a rubutu, ya ba wanda ke yawan fitowa maki kaɗan, mai wuyar samu maki da yawa. Allon gida 225 ne, ƙwayoyin haruffa 100, kowane ɗan wasa yana riƙe 7. E guda 12 ce, kowace maki 1. Q da Z ɗaya-ɗaya ne, kowace maki 10. A wannan wasa Nijeriya ba ƙanwar lasa ba ce. A watan Nuwamba na 2015, a birnin Perth na Ostareliya, Wellington Jighere, ɗan jihar Delta, ya doke Lewis Mackay na Birtaniya 4 da 0 a wasan ƙarshe, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kambun duniya na Scrabble ɗin Turanci. Abin da jaridun waje suka yi ta mamaki a kai bayan nan shi ne salon 'yan wasanmu na fifita gajerun kalmomi masu harafi huɗu ko biyar. Hikimar ita ce doguwar kalma tana buɗe wa abokin karawa gidajen da ke ninka maki, gajeriya kuwa tana toshe masa hanya, ta kuma bar maka haruffa masu kyau a hannu. Wordle ma, wanda Josh Wardle ya saki a 2021, jaridar New York Times ta saye a farkon 2022, a kan kalma mai harafi biyar aka gina shi, da damar gwaji shida.

Ina son waɗannan wasanni, ina kuma so ku buga su, domin suna koya wa ido lura da mazaunin kowane harafi. Amma akwai iyakar da ya kamata ku sani. A shekarar 2015 ɗin dai wani gwani ɗan ƙasar New Zealand, Nigel Richards, ya ci kambun duniya na Scrabble ɗin Faransanci alhali ba ya jin Faransanci. Jerin kalmomin ya haddace cikin 'yan makonni. A 2024 ya maimaita haka da harshen Sifaniyanci. Baiwa ce mai ban mamaki, amma ba ita kuke buƙata ba, domin duk kambun nan ba su sa ya iya zama ya yi hira da mutanen da ya doke a harshensu ba. Ɗan wasa zai iya cin maki da *qi* da *xu* da *za* bai san ta farko wani tunani ne na mutanen Sin game da ƙarfin rai ba, ta biyu kuɗin Biyetnam, ta uku guntun sunan wani abincin Italiya. Ku kuwa takarda za ku rubuta wa shugaban sashe, umarnin da ke jikin kwalbar magani za ku karanta wa mahaifiya, yarjejeniya za ku sa wa hannu. Don haka duk kalmar da ta fito a wasa ba ku san ta ba, in an tashi a buɗe ƙamus.

Ƙamus ɗin ma a san irin wanda za a buɗe. Wanda ya fi dacewa da ku shi ne irin na masu koyo, kamar Oxford Advanced Learner's, wanda A. S. Hornby ya assasa bayan ya daɗe yana koyar da Turanci a Japan. Shi ya san ciwon wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne, shi ya sa yake ba da furuci da misalan jimloli, ba ma'ana tsura ba. Na waya ma yana furta kalmar ka ji da kunnenka, abin da magabatanku ba su samu ba. A gefe kuma a riƙe na Turanci zuwa Hausa, kamar na Neil Skinner ko na Roxana Ma Newman na 1990, don ma'anar ta sauka a harshen da kuke tunani da shi. In kun buɗe kalma kada ku tsaya a ma'ana ta farko, ku gangara har ƙasa ku nemo wadda ta dace da jimlar da ke gabanku.

Ku sami ƙaramin littafin rubutu ku keɓe shi don wannan. Kowane shafi dangi ɗaya, kowace kalma kuma a bi ta da furucinta, da ma'anarta da Hausa, da jimla wadda kai ka ƙirƙira da kanka. Jimlar ita ce ƙashin bayan aikin, kuma ta kasance a kan abin da ka sani: cunkoson Kwangila, kuɗin keke daga Samaru zuwa PZ, tumatirin da aka aike ka saya a kasuwa. Abin da ka ɗaura a jikin rayuwarka ba ya saurin kwancewa. Dangi ɗaya ko biyu a mako ya isa. Sannan ku yi karatu, ba na jarrabawa kaɗai ba: ƙananan littattafan labari da ake shimfiɗawa a bakin titi a Samaru da Sabon Gari, da jarida, da duk abin da aka rubuta da Turanci mai kyau. Wani lokaci ku karanta da ƙarfi, aboki yana saurare yana riƙe da nasa kwafin.

Wayar da ke taimakon ku ita ce kuma ke cutar ku ta wani gefen. Mai gyaran rubutu na waya ba kullum yake kama *form* a gurbin *from* ba, domin duka biyun kalmomi ne na gaskiya. Gutsure kalmomi a hira, a rubuta harafi ɗaya a madadin kalma, yana bin hannu har cikin ɗakin jarrabawa. Na lura kuma masu sakaci da ƙa'idar rubutun Hausa, masu haɗe *yana da* su mai da ita kalma ɗaya, masu rubuta kafa alhali ƙafa suke nufi, su ne dai masu sakaci da na Turanci. Hannu ɗaya ne ke rubuta duka biyun. Buroka kuwa harshen ciniki ne da zumunci, ba abin ƙyama ba, a dai san lokacin da ake yin sa da lokacin da aka koma Turancin takarda.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙon ku ku bari, wato yi wa juna dariya in wani ya sa f a gurbin p. Na ga yara masu kaifin ƙwaƙwalwa, musamman 'yan mata da waɗanda suka fito daga makarantun gwamnati, sun kulle bakinsu a aji shekara guda saboda dariyar rana ɗaya. Bakin da aka kulle ba ya gyaruwa. In ɗan'uwanka ya yi kuskure, ka bari sai kun keɓe ka nuna masa inda zai sa leɓensa, kai ma ka roƙe shi ya riƙa kama naka.

Ku kuma 'yan unguwa da Allah ya sa kuka riga kuka shiga jami'a ko kwalejin ilimi ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, akwai haƙƙin na baya a kanku. Yaran firamare da na ƙaramar sakandare su ne harshensu bai riga ya ƙage ba, a wurinsu p da f aikin 'yan makonni ne. Ku ware awa ɗaya ranar Asabar, a zaure ko a barandar makaranta in an ba ku izini. Allon Scrabble ɗaya yana ɗaukar yara huɗu a zama guda, in babu kuɗin saye ana iya zana shi a kwali a yanka haruffan da almakashi. Sharaɗin wasan ya zama duk wanda ya ajiye kalma sai ya furta ta, ya faɗi ma'anarta da Hausa, ya sa ta a jimla, kafin a rubuta masa makinsa.